Matar da Take Yi Mini Zaɓe

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na je babban taron 'yan jam'iyyar Tsani don in samu abin zagi, kuma na samu. Manyan motoci suka yi ta juye mutanen ƙauye kamar yashi, kowa da rawayan ƙyalle a wuya. Shinkafa da ƙwai. Jawabi kuwa gada, gada, gada. Gadar da suke ginawa da baki tun kafin kwalekwale ya kife da mijina Nikhil. Tun da aka tsamo gawarsa ban sake jefa ƙuri'a ba, kuma ba zan sake ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Haradhan mai shayi ya ce, "Malama Purabi, ashe kin iya tafi haka a taron siyasa? A layin gaba kuma." Na ce a can baya na tsaya, gindin mangwaro. Ya yi dariya. "To wa na gani da mayafinki mai ruwan toka? Har na gaishe ki kika share ni."

Tsufa ne ke damunsa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Taron 'yan jam'iyyar Ƙararrawa. Su Tsani ihu suke yi, waɗannan waƙa. Can ƙwai, nan kifi. Sauran duk ɗaya: motocin nan dai, fuskokin nan dai, ƙyallen ne ya koma shuɗi. Gada.

Na gan ta, matar da Haradhan ya gani. Ta baya. Mayafi mai ruwan toka, gashi a naɗe, an soke fensir a ciki yadda nake yi tun ina koyarwa. Takan fara tafi kafin mai jawabi ya dire maganarsa. Kafin in ratsa taron ta tashi. Na taɓa kujerar, babu ɗumin mutum.

Talata, 15 ga Afrilu

Na faɗa wa Shefali maƙwabciyata, wadda kan yi aikin shafa tawada a yatsa ranar zaɓe. Ta ajiye kifin da take gyarawa.

"Yaya, wane irin ba kya zaɓe? Ni da hannuna nake shafa miki. Kowane zaɓe kina zuwa da hantsi, kina cin magani kamar an ce ki biya haraji."

Na tambaye ta ko ta taɓa kallon fuskar.

"Wa ke kallon fuska? Yatsa ake miƙo mini."

Na san abin, na sha karantawa a jarida. Yaran jam'iyya sun san wanda ba ya fitowa, sai su turo wani ya jefa ƙuri'a da sunansa. Amma fensirin fa?

Asabar, 19 ga Afrilu

Ina ta duba yatsana. Fes yake.

Ni a zatona zaman gida mari ne nake yi musu. Ashe duk shekarun nan ina zaɓen masu gadar baki, har da tafi. Ƙila Nikhil ma yana fitowa daga kogi ya bi layi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ranar zaɓe. Ni ce ta farko a layi. Ba don wani cikinsu ya cancanta ba. Shefali ta kama yatsana, sai kuma ta ɗago ta kalli fuskata, ta daɗe. Tawadar da sanyi.

Da na fito, matar nan mai mayafi ruwan toka tana ƙarshen layi, mayafi ya rufe mata fuska. Na tsaya a gabanta na ɗaga yatsan. Ta zame daga layin ta bi hanyar kogi, a hankali, tana ɗan jan ƙafar hagu. Yadda nake yi.

A hanyar gida na buga wa tsohuwa Kamala ƙofa, da masu gidan sama, da Haradhan. Na ce su fito kafin a fito musu. Wucewa ce kawai ta bi da ni ta nan.

Shefali ta ce lemon tsami yana rage tawadar. Akwai shi a gidan. Ban yanka ba.