Lafiyar da Na Faɗa wa Alƙali

Durban, 9 ga Yuni

Amai, uwata ta kaina,

Ina tafa hannu ina gaishe ki daga nesa. Ya gwiwar nan taki? Ya ƙanena Tongai? An gama cire gyaɗa? Ni lafiya nake, in kuna lafiya.

Ranar Talata aka zauna kan ƙarar da na kai otal ɗin da nake aiki. Kin tuna shugabar ɗakin wanki da ta ware mini kofi, wai ba za a sha da 'yar Zimbabwe ba? Lauyata Nokuthula ta ce doka tana biyan diyyar ɓacin rai, amma sai na faɗa da bakina. Alƙalin dattijo ne, furfurarsa irin ta marigayi Baba. Ya ce, "Shuvai, ya kike tun lokacin?" Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya nake, in kuna lafiya." Ya rubuta.

A waje Nokuthula ta dafe kai. "Haba 'yar'uwa! Wata huɗu ko tuwonku na sadza ba ya wuce miki maƙogwaro, shi ne lafiya?" Na ce a gidanmu ba a sauke wa babba kaya daga gaisuwa. Sai an zauna, an sha ruwa, ya sake tambaya.

Za a koma watan gobe, kada ki damu. Ki aiko mini busasshen ganyen wake, na nan ba ya ƙamshin gida. Allah ya bar mana ke.

In za ki ba da amsa, Amai, ki tambaye ni sau biyu.

'Yarki,
Shuvai