Wata jarida ta yanke wa 'yata hannu, wata ta ce babu ita

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin kaina ya juye. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, kuma da so samu ne, ko kallon jarida ba zan ƙara yi ba. Amma tunda abin da aka buga a jaridarku ne kaɗai ke shiga kunnen maigidana, na ce bari in biyo ta ƙofar da yake buɗewa.

Maigidana malamin lissafi ne a makarantar sakandare. A aji ba ya karɓar amsa sai ɗalibi ya nuna masa yadda ya same ta. Amma in jaridarku ta ce yau rana daga yamma ta fito, labulen yamma zai ɗaga. Kullum da safe sai ya shimfiɗa ta a teburin falo, ya ture kofin shayi gefe, ya karanta mana kanun labarai da ƙarfi kamar mun roƙe shi. Tsofaffin kuwa suna jibge a saman kabad, ba mai taɓawa. Ranar da na yagi shafi ɗaya na goge gilashin taga, sai ka ce takardar gadonsa na yaga.

Yayana kuma, wanda mahaifiyarmu ke zaune a gidansa, yana da shagon kayan gyaran mota. Shi ɗaya jaridar yake karantawa, wadda in ruwan sama ya yi yawa laifin gwamnati ne, in ya yi ƙaranci ma laifinta ne. Da can musunsu abin dariya ne. Su zauna a falo, kowa da tasa a hannu kamar garkuwa, su yi ta yi har abinci ya huce, su ci a kwano ɗaya, Yaya ya tafi yana dariya.

To da zaɓe ya matso, aka buɗe wani sabon asibiti a ƙarshen layinmu. Jaridarku ta sa hotonsa a shafin farko, ta ce babu irinsa. Ta su Yaya ta ce kango ne aka shafa wa fenti. Maigidana ta ƙofar asibitin nan yake wucewa kullum in zai tafi aiki, amma bai taɓa leƙawa ba. Me zai leƙa, tunda ya riga ya karanta?

Sai autarmu, 'yar shekara tara, ta faɗo daga keke, hannu ya kumbura. Na ce mu tafi babban asibiti. Ya ce don me za mu keta gari alhali ga na zamani a bakin ƙofa. Muka je. Fenti na ƙamshi, kujeru ko ledarsu ba a cire ba, ga nas guda ɗaya, baiwar Allah mai kirki. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi kuwa tana nan, gaskiyarku, amma a cikin kwalinta, ba a haɗa ba, ba mai sarrafawa. Maigidana ya zaro jarida daga hammata ya nuna wa nas hoton. Ta duba, ta ce ai ita ce, ta nuna masa kwalin. Yarinya na ta kuka. Ni na kira Yaya, ya rufe shago ya zo da mota ya kai mu babban asibiti. Tsagewar ƙashi ce, aka sa mata filasta, likita ya ce za ta warke sumul.

Ashe a cikin motar Yaya ya ɗauke ta hoto tana kuka, ya ba wani ɗan jarida mai sayen kaya a shagonsa. Sai ga hoton 'yata a shafin farko na jaridar su Yaya, wai yarinya ta rasa hannu saboda asibitin bogi. Dangi suka yi ta zuwa jaje. Gwaggona tun daga bakin ƙofa ta fara kuka, ta shigo ta tarar da yarinyar tana kallon talabijin, ta kama hannun tana ƙirga yatsu.

Ban gama da wannan ba, jaridarku ta mayar da martani: wai bincike ya nuna babu wannan yarinya, tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Anti, a teburin falo maigidana ya karanta, yarinyar na zaune gabansa da filastarta. Na zuba masa ido ina jira. Ya ninke jaridar a hankali, ya ce a ƙa'ida ba su yi ƙarya ba, tunda yarinyar da aka yanke wa hannu ai babu ita.

Yanzu ya hana Yaya taka gidanmu, ya ce ya yi kasuwanci da hawayen 'yarsa. Yaya kuma ya ce ba shi ya rubuta ba, kuma gaskiya in ba a ƙara mata gishiri ba, ba mai ɗanɗanawa. Mahaifiyarmu mai hawan jini ce, kullum tambayata take yaushe za su shirya. In zan je duba ta, sai in fita kamar ɓarauniya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar. A makaranta wasu na ce mata mai hannu ɗaya, wasu na ce mata fatalwa, har ta fara ƙin zuwa. Rannan ina taje mata kai ta tambaye ni ko Baba ya fi yarda da jarida a kanta. 

In cinna wa tarin jaridun nan wuta ne kowa ya huta? Ko in kwashe yara in koma wajen mahaifiyata har a gama zaɓe?

Taki, Wadda ke Tsakiya

*

'Yar'uwa, sannu da haƙuri, kuma ina taya ki murna. Ba kowace uwa ke da 'yar da ta rasa hannu, ta ɓace daga duniya, kuma ta ci gaba da kallon talabijin ba.

Ni shafina yana can baya, tsakanin tallan katifa da labarin ƙwallo, ba a tambayata in za a tsara shafin farko. Amma na daɗe a aikin nan, zan gaya miki abin da na gani. Kowace jarida tana da mai ita, mai ita kuma yana da abokai da abokan gaba. Yawanci ba ƙarya ake ƙagawa daga tushe ba, zaɓe ake yi: a nuna miki na'ura, a ɓoye kwali, a nuna miki kukan yarinya, a ɓoye cewa za ta warke. Wanda ya shekara yana shan ruwan rijiya ɗaya, sai ya ɗauka haka ɗanɗanon ruwa yake. Maigidanki da yayanki ciwonsu ɗaya, rijiyar ce kawai ta bambanta.

Kowannensu kuma yana da tasa gaskiyar. Yayanki ya rufe shago ya ɗauki yarinya zuwa asibiti, ya cancanci godiya. Amma ba shi da hurumin miƙa hoton 'yar wani ga ɗan jarida ba da izinin iyayenta ba, kuma gishirin da yake yabo a kan ƙanƙanuwar yarinya aka barbaɗa shi. A nan fushin maigidanki yana kan hanya. Inda ya saki hanya shi ne da aka ce 'yarsa babu ita, ya tsaya yana nema wa masu faɗin haka mafita.

Kada ki ƙona komai. Gobe da safe zai sayo sabuwa, ke kuma ki zama 'yar adawa a gidanki. Kada kuma ki yi yaji saboda zaɓe, don waɗanda ake faɗan dominsu kina iya ganinsu bayan zaɓe a jam'iyya ɗaya suna rungume da juna.

Ki fara da yarinyar. Ki gaya wa mahaifinta tambayar da ta yi miki, kalma da kalma, ba tare da ƙarin gishiri ba, a lokacin da ba jarida a hannunsa. Shi ya kamata ya riƙe hannunta ya kai ta makaranta, ya ga malamar ajinsu, a tsawata wa masu tsokana. Sannan yayanki ya zo ya ba yarinyar haƙuri, ya koma wajen abokinsa ɗan jarida ya nemi a gyara labarin. Maigidanki ma ya rubuto mana ya ce yarinyar tasa ce, yana ganinta kullum. Ko za a buga, ban yi alkawari ba, amma 'yarsa za ta san ya rubuta. Duba mahaifiyarki kuwa ki daina yin sa a ɓoye. Ki ce masa za ki, ki ce ya zo ku tafi. Surukarsa ba ta tsaya takara ba.

Kai kuma Malam, na san kana karantawa. Ci gaba da sayen jaridarmu, muna godiya. Amma ka riƙa aron ta surukinka, ka ba shi taka, kowa ya ga abin da tasa ta ɓoye masa. In kun karanta duka biyun kun rasa gaskiya, asibitin yana ƙarshen layinku, ku taka ku leƙa tare.

Allah ya ba yarinya lafiya, ya sassauta wa Mama, ya daidaita tsakaninku.

Antinku