Na Ce Wa Yayana Inna Ba Ta Son Ganinsa

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Na san in kun gama karantawa za ku zage ni, to ku ɗan dakata, na riga ku, shekara uku ke nan ina zagin kaina. Shawara na zo nema.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Tsarnawa, direban motar albasa, ina ɗauka daga lambuna ina kaiwa Konni. Mu biyu ne maza a wurin Inna. Yayana, bari in kira shi Idi ko da yake ba sunansa ba ne, shi ne ɗan fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurin iyayenmu mata na ƙauye. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". In ya durƙusa ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon turmi. Ni auta ake yi wa wasa, ni aka goya har ƙafata na jan ƙasa. Amma ni ba wawa ba ne. Na ga wanda ake ɗebar wa fura kafin a ƙara ruwa. Na ga wanda in ya yi zazzaɓi Inna ke ƙona tuwo. Shi bai gani ba, don kullum kansa a sunkuye yake a gabanta. Ni na gani, kuma ban taɓa yafe masa ba.

Idi ya shiga soja, aka tura su gabas inda ake faɗa. Wata rana da hantsi jandarma biyu suka zo da takarda, suka ce motar da yake ciki ta ƙone, ba wanda ya fita. Aka yi masa salla ba gawa, aka yi zaman makoki. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta shiga ɗaki ta kwana uku ba ta ci komai ba. Matarsa, in kira ta Hajo, ta gama takaba da 'yarsu ƙarama a hannu, bayan shekara dattawa suka ce kada yarinyar ta tashi a gidan wani, in aure ta. Na ce to, kamar dole aka yi mini. Ƙarya nake yi, tun kafin a kai ta ɗakinsa nake sonta. Yanzu muna da ɗa namiji da ita.

Sai ku san gidanmu ya taɓa ganin irin wannan. Kakanmu, Turawa suka ɗauke shi zuwa yaƙinsu, aka ce ya mutu, ya dawo bayan shekaru ya tarar da matarsa a ɗakin ƙanensa. Katangar da suka ja a tsakiyar gida tana nan har yau, jikokinsu ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Da wannan labarin nake lallashin kaina, wai ni zaman lafiyar gida na tsare. Wane zaman lafiya?

Wata ranar kasuwar Badaguishiri, shekara uku da suka wuce, ina jiran a gama mini lodi, wani mai lambu ya ce mai gadinsa yana son ganina, ni kaɗai. Na bi shi har bakin rijiya. Wani mutum na zaune a inuwar rumbun albasa, ya naɗe fuskarsa da rawani, hannun hagu a yanke daga gwiwa. Da ya ce "Auta" na gane Idi ne. Wuta ta ci rabin fuskarsa, amma muryar ba ta canza ba. Ya ce makiyaya ne suka tsince shi, ya daɗe bai san ko shi wane ne ba, da hankalinsa ya dawo ya kama hanyar gida, ya iso nan ya kasa ƙarasawa saboda kunyar wannan fuska. Kun san abin da na fara ji a zuciyata? Haushi na ji, wallahi haushi, kamar wanda ya gama gini aka ce filin ba nasa ba ne.

Na faɗa masa zancen Hajo tun bai tambaya ba, da gangan, don in ga ya fusata in samu abin riƙewa. Ya yi wasa da ƙasa, sannan ya ce, "Ka kyauta, Auta. Gara kai da baƙo. Ka riƙe min ɗiyata, ni ba ni tada muku hankali." Ku duba fa, abin da nake tsoro ya yafe mini shi a zaune. Maimakon in rungume shi sai na ji na ƙara tsanarsa, don ko a rabin mutum ya fi ni. Sai ya ɗaga ido ya ce, "Inna hwa? Ta taɓa yin zancena?"

A nan na kashe shi. Na ce, "Yaya, gaskiya ba ta da daɗi. Tun watan jiya wani yat taho da labarin an gan ka, na hwaɗa ma Inna. Tac ce ita ɗanta ya mutu an yi mai salla, wanda duk yad dawo ba nata ba ne, kada a kawo mata abin kallo cikin gida." Ba wanda ya zo da wani labari, a wurin na ƙirƙira. Da wani ne da ya ce ƙarya nake yi, wace uwa za ta faɗi haka? Amma wanda bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, me zai hana ya yarda? Ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, na sani. Dama ban taɓa shiga ranta ba." Ya ja rawaninsa ya rufe ido. Ni kuwa na koma na ƙarasa lodi, har na ci tsire a hanya.

Bayan haka na ga Inna ta fara tsaya mini a bakin zaure in na dawo daga tafiya. Uwa ce, ba ta ga gawa ba. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Kai da ke yawon kasuwanni, ba ka jin labarin kowa?" Na san wanda take nufi. Na ce, "Kowa wa, Inna? Hwaɗi sunan in ji." Ta buɗe baki ta rufe, ta ci gaba da tankaɗe. Har dariya na yi. Wane irin ɗa ne ni?

Duk sati motata na wucewa ta kusa da lambun nan. Wani lokaci ina hango shi yana jan guga da hannu ɗaya, sai in taka mota. Sau ɗaya ya tare ni, bai roƙi komai ba, ya miƙo mini ƙullin albasa ya ce in kai wa Inna, kada in ce daga shi ne. Na kai, ta yi miya da ita, ta ce albasar bana ta yi zaƙi.

Yanzu Inna na kwance wata biyu, an sallamo mu daga asibiti an ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Ciwon ya cinye kunyar. Sunan da ta riƙe a baki shekara arba'in yanzu shi take kira, da ƙarfi, safe da rana, har maƙwabta na share hawaye. Hajo na ba ta kunu tana kuka. Jiya bayan la'asar na shiga duba ta, ta kama hannuna ta shafa, ta ce, "Idi, ka taho? Idi, ɗana, ka yahe min, ni ban iya hwaɗi ba." Jama'a, na amsa. Na ce, "Na'am Inna, ga ni." Ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba, na karɓe shi, nawa ya zama, alhali mai shi yana can bakin rijiya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

In na ɗauko shi, zai ji da kunnensa cewa ƙarya na yi masa, Hajo za ta san wanda take kwana da shi, garin nan ba zai ƙara zaunuwa gare ni ba. In na yi shiru, za ta tafi tana zaton ta gan shi, shi kuma zai mutu yana zaton ta ƙi shi. Tun safe makullin mota yana aljihuna, Inna kuma ta daina karɓar kunu. Ku da ba ku san ni ba, ku faɗa mini tun da sauran numfashinta, me zan yi?