Ku Mayar wa Jauro Sandarsa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya buga littafin karatun Hausa na 'yan aji biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, sunana Buba, ina zaune a rugarmu da ke bayan Yako, cikin ƙaramar hukumar Kiru. Ina kiwo, ina kuma noman dawa da masara. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi mini afuwa in na yi kuskure. Na ɗauki takardar nan na ajiye ya fi sau uku, yau dai haƙurina ya ƙare.

'Yata Dija shekararta takwas. Sai da muka kai ruwa rana da yayana kafin in sa ta makaranta, don cewa ya yi boko zai koya mata ƙyamar mu. Ni na rantse masa ba za a yi haka ba. To ga abin da littafinku ya jawo mini.

Na farko. A shafi na goma sha huɗu akwai labarin Jauro, wanda shanunsa suka shiga gonar Malam Tanko. Na karanta da kaina, ina bi da yatsa. Rubutun ba shi da laifi: Jauro ya ba da haƙuri, Malam Tanko ya yafe, suka ci tuwo tare. Amma hoton fa? An yi wa Jauro jajayen idanu, haƙora waje, ga adda a hannu. Shi kuwa Malam Tanko fes cikin farar riga, yana murmushi. A ina rubutun ya ambaci adda? Na duba gaba, na duba baya, ban gani ba.

Na biyu. 'Yan aji biyu yawancinsu haɗa baƙi suke koyo. Kafin malama ta kai ƙarshen layin farko sun gama kallon hoto, sun yanke hukunci. Ba wanda ya tuna Jauro ya ba da haƙuri. Tun daga ranar sunan Dija ya koma 'yar Jauro, in an fita tara har da masu gwale mata ido.

Na uku, wannan kam dariyar takaici ya ba ni. Shanun da aka zana ba tozo, ba ƙaho, dabbare-dabbare irin na jikin gwangwanin madara. Mai zanen nan ko saniya bai taɓa tsayawa ya kalla ba, balle mai ita. To fuskar Jauro a ina ya samo ta?

Ba na cewa shanu ba sa ɓarna. Nawa ma sun taɓa shiga gonar maƙwabcina. Na je da ƙafata na durƙusa, dattawa suka sasanta mu. Yau shi ke bar mini kara bayan girbi, shanuna su zuba masa taki. Da sanda na je wurinsa, don ita makiyayi ke riƙewa.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Kullum ni ke raka Dija makaranta, sandata a kafaɗa, daga can in bi bayan shanu. Ran Litinin da ta wuce, muna isa gindin tsamiyar da ake hango makaranta, sai ta tsaya, kanta a ƙasa, ta roƙe ni in juya daga nan kada 'yan ajinsu su gan ni. Wallahi na ji zafi, har yanzu ban san inda zan sa shi ba. Yayana bai sani ba tukuna. Ran da ya ji zai ce a cire ta, shi ne babba, kuma ba ni da bakin yi masa musu.

Saboda haka ina roƙo, don Allah, a sake hoton nan a bugu na gaba. A cire addar, a mayar wa Jauro sandarsa, a yi masa fuska irin ta mai ba da haƙuri. Mai zane ya riƙa karanta labari kafin ya ɗauki alƙalami. In yana so ya zo rugarmu ya wuni, ya sha fura da nono, ya ga saniya da tozonta. Kafin nan, a aika wa malamai su faɗa wa yara cewa hoton kuskure ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci aikinka, ya sa naka 'ya'yan su riƙa alfahari da kai a gaban kowa. Ni dai gobe ma a gindin tsamiya zan tsaya. Ku taimaka in kai 'yata har bakin ƙofa.

Wassalam.

Naka,
Buba, mahaifin Dija.