Faɗi Bisa Tsawo

Zuwa ga Nu'uman, sanyin idona, inuwar da na zaɓa a tsakar ranar Katsina, injiniyan da ya iya auna komai ban da haƙurin mace. Bayan sallama, gaisuwa ce daga Safara'u, wadda ka bari a Ƙofar Durbi. Ya aiki, ya baƙunta a ƙasar mutane? Ina fata yatsunka lafiya lau, don na ga sun daina rubutu.

Ka tuna aikinmu na kammala karatu, muna zanen amfilifayar CMOS, na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, a kwamfutar nan taka mai tsagaggen gilashi? 'Yar siginar da muke so mu ninka ta ƙi kaiwa inda malaminmu yake so. Kai ka nuna mini cewa kowane taransisto, ɗan abin da ke sarrafa wuta a cikin na'urar, awo biyu gare shi, faɗi da tsawo. Ka ɗan ƙara masa tsawo, sai ga ninki ya haura, na yi tsalle har mayafina ya zame. Wayyo, da na san da wannan darasin za ka yanka ni!

Ranar da ka zo zaurenmu yin sallama, ka ce kada nisa ya tsorata ni, wai tsawo ninki yake ƙarawa, haka son namu zai yi. Na yi dariya, na yarda, ni sakarya.

To masoyina, tare muka yi karatun nan, ba a kasuwa na tsinci takardata ba. Rabin gaskiya ka faɗa, ka haɗiye rabi. Tsawo yana ƙara ninki, haka ne, amma jinkiri yake kawowa. Saƙon da kake amsawa kafin in ajiye waya, yanzu sai ya tsufa a hannunka. Kuma in aka yi ta jan tsawo ba a ƙara faɗi ba, taransisto yakan cinye ɗan sararin wutar da ya rage masa, ya shaƙe, ninkin da ake tinƙaho da shi ya rushe. Ni ce a shaƙen, Nu'uman, kuma haushinka nake ji ƙwarai.

Baba ya kira ni. Ya ce in da gaske kake, magabatanka su zo kafin azumi, in kuwa ba haka ba, a daina ɗaure ni da igiyar zato. Ko tsawa bai yi ba, wallahi gara ya doke ni. Kawunka Malam Bala ya haɗu da shi a masallaci, gaisuwa kawai suka yi, bawan Allah bai ma san da maganar ba. Me zan kai wa Baba? Lissafi?

Kai da ka haddace faɗi bisa tsawo, ka manta faɗi a bakin Bahaushe ba na awo kaɗai ba ne? Akwai na baki. Tsawon ya isa haka, don Allah ka faɗi: za ka turo, ko ba za ka turo ba? Akwai kuma faɗi na uku, na wanda ya jingina da katangar da ruwa ya ci. Shi nake ji yana tafe.

Har yau ban fita zaure don kowa ba. Ko a'a ka ce, ban san inda ake rage wa zuciyar nan wuta ba, kuma abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Taka, ko a tsaye ko a faɗe,
Safara'u