Kumatuna Za Su Hau Allo, Uwargida Ta Ce Ba Da Ita Ba

Jikata ta gama! Malamanta na jami'a sun sa ranar da za ta kare aikinta a gaban jama'a, kuma fuskata ce za ta hau allo! Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum, 'yata mai wannan fili. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na shiga ajin yamma. Ki taimake ni, murnar nan ta zo da ƙaya.

Ga aikin, in na fahimta daidai. Abu irin roba ko fatar mutum, in an ja shi kaɗan lissafinsa da sauƙi, in an ja da yawa sai ya rikice. To ita sai ta rarraba hoton abin a kwamfuta kamar ragar kamun kifi, kowane ƙulli da nasa lissafi, tana tafiyar da lokaci taku-taku. In ta yi babban taku, hoton ya tarwatse. Na sha ganin haka a teburin falonmu, tana dafe kai ina dariya. Amfaninsa shi ne likita ya ga yadda fatar wanda ya ƙone za ta miƙe tun bai ɗauki wuƙa ba.

Da ta tashi neman fuskar gwaji, wai babu fatar da ta kai tawa saki, kamar tsohuwar safa. Na ce wa ja'irar ta ɗauka, ai da ita na sace zuciyar kakarta. Yanzu a kwamfutar ana jan kumatun nan har kusa da kunne, su yi ja, su yi shuɗi, a saki su koma. Ban taɓa yin kyau haka ba.

Sai dai kakar tata ta yi tsalle ta dire. Ba ta ma ga hoton ba, ni ne na kwatanta mata da yatsu. Ta ce ba za ta zauna a gaban surukai ana jan fuskar mijinta ana ƙyalƙyala dariya ba. Ita kuwa yarinyar a hannunta ta tashi, ta ce in babu kakarta a layin gaba bakinta ba zai buɗe ba. A sauya wata fuska kuma, lissafin ba zai kammalu kafin ranar ba. Yaya zan yi?

Na riga na gayyaci 'yan ajinmu kaf da malaminmu. Ke ma ki zo, masu karatu ma duk ku zo ku gani!

Tsoho Mai Kumatu

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sanya albarka, ya sa a kare lafiya.

Kana da gaskiya, ba da fuska don masu ƙuna su amfana ba abin kunya ba ne. Amma Inna ma ba rigima take yi ba, mutuncinka take karewa, kuma a kan fuskar nan ta fi kowa haƙƙi. An yi shawarar babu ita, sannan ka kai mata labarin da yatsu a baki. Ko ni ce sai na ƙi.

Ka bar jikar ta zauna da ita su biyu, kai ka fita shan iska. Ta nuna mata hoton, ta gaya mata su wa zai taimaka. Ta kuma duba ko za a iya ɓoye kamanninka a bar ragar kawai, domin a sanina hakan ba ya taɓa lissafin. Sai Inna ta zaɓa. In ta zaɓi raga, ka haɗiye, Baba. Ranar ta yarinya ce, ba ta kumatu ba. Ka kuma tambayi yawan kujerun zauren kafin ka ƙara gayya.

Jikarka ta riga ta koya maka abin da babban taku yake jawowa, to ka bi Inna a hankali. Allah ya bar ku tare. A ajiye mini kujera a bayanta. In ta yi dariya, zan yi.