Wurin da Baba Ya Bari Kusa da Mama

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Sakamakon gwajin ya fito. Ƙanena Nathan ya kira daga Ingila. Yawun da na sa Baba ya tofa a 'yar kwalba, na aika masa ta hannun wani mai tafiya, ya nuna gaskiya ne: akwai jinin Bature a jikinmu. Har sunan mutumin ya samo, Edwin Tilbury, wanda ya zauna yana haƙar kuza wajen Godogodo tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kafanchan. Shi ne wanda tsofaffi ke kira Mai Lofe. Shi ya haifi Jatau, mahaifin Baba.

Ba zan ɓoye wa kaina ba, na ji daɗi. Tun ina firamare ake ce mini Baturiya, ina fushin ƙarya. Yau na daɗe gaban madubi ina kallon hancina. Mace mai shekara hamsin da ɗaya, malamar makaranta!

Na gaya wa Baba. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki maganarsa ba ta fita sosai. Ya kawar da kai ya dubi bango. Na ɗauka gajiya ce.

Litinin, 21 ga Afrilu

Jiya Ista. Nathan ya tura saƙon murya a guruf ɗin dangi, ya haɗa da hoton Baturen, da gashin baki kamar tsintsiya. Ya ce, "'Yan'uwa, yanzu mun sani, asalin kakanmu ba Didam ba ne." Didam shi ne mijin kakar Baba. Shi ya biya sadakinta da fartanya da akuya tana ɗauke da cikin, shi ya goya Jatau ya ba shi gona.

Ni har alamar tafi na tura masa. Ba wanda ya ƙara cewa komai a guruf ɗin, mutum kusan sittin.

Alhamis, 8 ga Mayu

Wata Rosemary, jikar jikar Tilbury, ta nemi Nathan, shi kuma ya haɗa mu. Mace mai kirki. Ta ce barka da shigowa dangi. Na wanke hoton Baturen na sa a firam, na rataye a falo kusa da na aurena.

Asabar, 24 ga Mayu

Na je ƙauye, bayan Madakiya, in share kabarin Mama kafin ciyawa ta rufe shi. Tana bayan babban gida, gindin ɗorawa. Ranar da aka binne ta Baba da kansa ya auna wurinsa kusa da ita, ya kafa dutse. Ko bayan ciwon, in aka ambaci gida sai ya ce, "Kusa da ita." Ita kaɗai ce maganar da ke fita masa tsaf.

Leonard, ɗan ƙanin Baba ta wajen sauran 'ya'yan Didam, ya same ni da tsintsiya a hannu. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Anti Selina, ke share na Mama kawai. Wancan gefen ki bar shi."

Na ce saboda me?

"Ai ku da bakinku kun ce ba gidanku ba. Mun ji a waya, kowa ya ji."

Na san abin da yake hange. A wajenmu inda kabarin namiji yake, nan rabon 'ya'yansa yake. Yana son ya shimfiɗa gonar cittarsa har rafi. Na ɗauki tsintsiyata na dawo a mota.

Asabar, 14 ga Yuni

Zaman dangi. Mace da ta yi aure ba ta shiga, don haka na zauna a kan turmi bayan danga ina tsintar magana kamar baƙuwa. A gidan da aka binne cibiyata.

Da aka tashi, Baba Sambo, dattijon gidan yanzu, ya kira ni gefe. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Selina, kina tsammani ba mu da ido? Mun ga Jatau, mun ga kalan shi. Duka mun sani. Wanda ya biya sadaki shi ne uban yaro, shi ya sa ba wanda ya taɓa buɗe baki. Didam ya rufe, mu ma mun rufe. Yaronku ya zo ya ce Didam ba kakan shi ba, gaban kowa."

Na ce, "Baba, kuskure ne, yarinta ce. Ni zan durƙusa in roƙa."

"Ba bakinki ya faɗa ba. Bakin da ya fitar, shi zai mayar. Ya zo da ƙafan shi, da akuya, ya tsaya a tsakar gida ya kira sunan kakannin shi. Shi ke nan, magana ya mutu. In bai zo ba, hannuna a ɗaure."

Talata, 17 ga Yuni

Nathan ba zai iya zuwa ba. Takardun zamansa suna hannun hukuma, in ya fito ba zai koma ba, ga mata ga yara biyu. Ya ce zai yi ta bidiyo. Na kai wa Baba Sambo, ya ce waya ce ta ɓata, waya ba za ta gyara ba. Nathan ya hau faɗa, wai jahilci ne, wai kimiyya ba ta ƙarya. Na ce masa ba wanda ya ce ƙarya ka yi. Sai ya fashe da kuka, ni ma na kama. Kati ya ƙare muna a haka.

Laraba, 25 ga Yuni

Fasto ya je ƙauye ya roƙa mana. Sun ba shi kujera da kunu, ya dawo hannu rabbana.

Juma'a, 11 ga Yuli

Baba ya daina cin tuwo, sai koko, shi ma cokali kaɗan. Maƙwabciyata Hajiya Kubra ta kawo zuma, ta zauna da ni. Ta ɗaga kai ta ga hoton ta ce, "Wannan ne ya jawo? Ko sanin an haifi yaron ya yi?" Ban sani ba. Na tambayi Rosemary, ta ce babu inda ya taɓa ambata. Ya koma ƙasarsu ya yi aure, ya mutu da lambun furanni.

Yanzu na gane kallon bangon nan na Afrilu. Baba ya sani tun yana yaro. Shekara tamanin da uku yana riƙe da bakinsa, ni na zo da kwalba na ce ya tofa.

Laraba, 30 ga Yuli

Da hantsi ya riƙe hannuna ya ce, "Kusa da ita?" Wannan karon tambaya ce.

Na ce, "Eh, Baba. An shirya komai."

Ya saki hannuna, fuskarsa ta kwanta. Ya cika kafin azahar. Ubangiji ya gafarta mini, in aka sake tambayata haka zan sake faɗa.

Asabar, 9 ga Agusta

Mun binne shi a maƙabartar coci a nan Kafanchan, tsakanin mutane biyu da bai taɓa sani ba. Zumuntar mata sun yi waƙa sosai. Baba Sambo ya zo, ya tsaya nesa, hawaye na bin gemunsa. Leonard ma ya zo, ya ci shinkafa. Nathan ya kalla ta wayar mijina, hoton yana yankewa.

Rosemary ta aiko saƙon ta'aziyya mai kyau. Na karanta na ajiye wayar.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na je wajen Mama bayan sujada. An cire dutsen Baba, an jibge bulo a wurin. Na share nata, na zauna. Na buɗe baki in yi mata bayani, ban san ta inda zan fara ba. Na ce mata dai Baba yana nan lafiya, a gari.

Na sauke hoton falo, ƙusar ce ta yi sako-sako. Zan mayar in na samu wata.

Rosemary tana zana bishiyar danginsu, tana so ta sa reshenmu. Ta tambayi cikakken sunan Baba, da na ubansa, da na kakansa, don kada ta yi kuskure. Ina sauri ne, miya na kan wuta. Na rubuta mata: Rufus, ɗan Jatau, ɗan Didam.

Ta sake rubutowa, wai ko na yi kuskure a na ƙarshen. Na gani. Ban gyara ba.